Layin da Likita Ya Ja a Ƙafata

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ina Mai Dogon Babur ya shige, ga ni da raina. Yau zan faɗi abin da ya faru gaba ɗaya, don na gaji da ba da labarin guntu-guntu.

Kun san babur ɗin. Sufamoto ake ce masa: jiki na babur ɗin daji, dogo, mara nauyi, amma tayoyinsa sumul, na kwalta. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa hawa abu mai daɗinsa ba. Ramin da ɗan adaidaita zai tsaya ya lallaɓa, ni tsallake shi nake yi. In na zo kwana sai in miƙa ƙafar hagu gaba, in bar bayan ya ɗan zame, mutanen bakin titi su ɗau ihu, kaina ya yi ta kumbura.

Aibinsa ma na san shi, ƙin gani na yi. Kujerarsa kamar katako. Matata Hauwa sau ɗaya ta hau ta ce ta yafe. Yayana Sale, mai noman shinkafa a fadama, ya taɓa shafa tayar ya ce, “Wannan ba tayar ƙasarmu ba ce. Ko haƙori ɗaya ba ta da shi.”

Dariya na yi masa.

Da kaka ne, ranar wata Talata da hantsi, ina dawowa Haɗeja daga Kirikasamma. Kun san yadda manoma ke shanya shinkafa a gefen kwalta. Kullum ina wuce ta. Ran nan awaki sun barbaza ta har tsakiyar kwana. Na kwantar da babur, na miƙa ƙafa yadda na saba, taya ta hau shinkafa ta sulale. Babur ɗin ya danne ƙafar da na miƙa.

Ƙarar ƙashin na fara ji kafin zafin.

Amma ba faɗuwar ce ta kusa cinye ni ba. Mutanen da suka taru bakinsu ya zo ɗaya: asibiti yanke ƙafa suke yi, a kai shi wurin mai ɗori. Ni ma da bakina na faɗi haka.

Mai ɗorin ya ja ƙafar, ya jera karare, ya ɗaure tamau da tsumma. Ya ce kada a kwance sai bayan kwana bakwai.

Washegari zafin ya canza, kamar ƙafar za ta fashe. Aka ce ɗorin ne yake kamawa. Kwana biyu, yatsuna suka yi sanyi. A rana ta uku zafin ya ɗauke cak. Na yi ta hamdala, har tuwo na ci.

Hauwa ce ba ta yi murna ba. Ta tsuguna a bakin katifa tana kallon fuskata.

“Abban Hanifa, ka ji?”

“Na ji me?”

Ashe babban yatsan ƙafar take mintsini da iya ƙarfinta. Nan take ta ɗauki waya ta kira Yaya Sale.

Da aka yanke ɗaurin a asibitin garinmu, wari ya cika ɗakin. Fatar ta ɗuri ruwa, ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi. Ko zama ba su bari mun yi ba, suka ce mu wuce Kano.

A can aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ɗaura min ruwa. Suka tsaga ƙafar gefe biyu suka bar ta a buɗe don jini ya samu hanya. Bayan na farfaɗo likita ya zo. Ya duba wani ja da ke hawowa daga tafin ƙafa, ya zaro biro ya ja layi kaɗan sama da idon sawu.

Ya ce, “In jan nan ya haura layin nan kafin Juma’a, za mu cire ƙafar don mu tsira da kai.”

Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Na kasa kallon wurin. Kowace safiya Hauwa ce ke ɗaga zanin, ta auna da yatsunta. Ranar farko faɗin yatsu huɗu ya rage tsakanin jan da layin. Washegari uku. Ran Alhamis biyu. Ba ta faɗa min, a hannunta nake gani.

Ran Juma’a likita ya daɗe yana kallo. Saura faɗin yatsa ɗaya. Ya ce, “Ya tsaya.”

Yaya Sale fita ya yi waje, don kada in ga idonsa.

Yatsun nan biyu dai sun tafi. An sa ƙarfe a ƙashin, an yanko fata daga cinyata an rufe ciwon. Wankin ciwo kuwa, ihuna har ɗaki na uku. Babur ɗin da kansa ya biya aiki na biyu, Yaya ya sayar da shi ban ma tambayi wa ya saya ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma’aikatan jinya, da Yaya Sale da ya bar shinkafarsa a gona ya tare a gindina. Hauwa kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ta.

’Yan uwana masu babur, taya sumul ba ta san ƙasarmu ba. Da kaka ku ɗauka akwai shanya a bayan kowace kwana. In an karye, a fara yin hoto. In kuwa an riga an ɗaure, yatsu suka yi sanyi, ko zafi ya ɗauke lokaci ɗaya, to ba sauƙi ba ne. A kwance, a ruga asibiti.

Yanzu ina takawa da sanda. Biron ya goge tuni. Amma duk lokacin da nake alwala na zo ƙafar hagu, sai in ga hannuna ya wuce idon sawu da kansa, ya je ya tsaya daidai wurin.