Gyaran da Aka Riga Aka Yi

Sarkin Lungu suke kiransa a ofishin masu rubuta manhaja, kuma ya ci sunansa: mako guda ya kwashe shi kaɗai yana gyara matsalar da abokiyar aikinsa ta riga ta gyara. Ta ma faɗa masa. Abin jin sauti na toshe a kunnensa, bai ji ta ba, ya gyaɗa kai kawai.

Ga shi can ya ba jama'a baya, yana goge aikinsa layi-layi yana tsaki.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a sauko cikin talakawa?" in ji ta.

"Baiwar Allah, wannan kaɗai na taɓa gamawa ba a katse ni da taro ba. Bar ni in yi makokinsa."