Abin da Ya Gagari Zai-Tashi

Shagonsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, kusa da tashar mota. Ɗan lungu ne da idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Tebur ɗaya, kujera da ya ɗaure ƙafarta da waya, sai gwangwanayen madara a jere jikin bango, kowanne cike da irin nasa notin. Fanka, dutsen guga, rediyo, butar lantarki, injin markaɗe, duk abin da ake jona wa wuta, in ya mutu nan ake kawo gawarsa. Shi kuwa tun kafin ya kwance, zai juya abin, ya kai kusa da kunne ya girgiza, ya ce, "Zai tashi." Haka sunan ya bi shi har na yanka ya ɓace. Jikokinsa ma Baba Zai-Tashi suke ce masa.

Tun yana saurayi yake wannan sana'a, da ita ya yi aure, da ita ya aurar. Yakan ce kayan da masu mutunci ne, noti huɗu ka kwance, su buɗe maka cikinsu kamar mara lafiya a gaban likita. Daga baya kaya suka canza hali. Aka fara kawo masa buta wadda aka narka bakinta aka haɗe, da fanka mai noti irin wanda babu sukundireban da ke kama kansa. Wani lokaci ya gano ciwon sarai, ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone, amma ya zaga kasuwa kaf babu mai sayar da shi shi kaɗai. Mai kayan ya gaji da sintiri, ya tsallaka titi ya sayi sabo, ya bar masa tsohon. Masu sayen ƙarafa su zo da baro su kwashe, su fasa a bayan tasha su zare waya, sauran robar ta zama tsibi. Duk da haka bai rufe shago ba. Akwai tsofaffi irinsa da ba sa rabuwa da kayansu.

A gida kuwa akwai Inna, matarsa, tela ce. Shi Rediyo yake kiranta, don tun da ya san ta bakinta bai taɓa hutawa ba. Ƙafarta na kan keken ɗinki, bakinta na ba da labarin unguwa, ta yi tambaya ta ba kanta amsa.

"Ke kaɗai ce rediyon da na rasa inda ake rage mata murya," yakan ce.

"Ka ci gaba da nema, Malam. Ranar da ka samu ka huta."

Wani zazzaɓi mai tsanani da ta yi shi ya tafi da jinta. Ta warke, amma kunnuwan suka yi ta ja baya. Da farko sai an maimaita, daga nan sai an ɗaga murya, har ta kai mai ɗinki zai ce a rage tsawo ita ta ƙara. Ta fara jin kunyar mutane. Babbar 'yarsu, malamar makaranta, ita da mijinta suka yi ta tari har suka kai ta asibitin kunne, aka auna ta, aka sa mata na'urar ji guda biyu, dama da hagu. 'Yan mitsi-mitsi ne, suna laɓewa a bayan kunne, kuma da ɗan akwatinsu na caji.

Ranar da suka dawo daga asibiti, Inna ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Wai wannan famfon tun yaushe yake ɗiga, kuma a gidan mai gyara?" Zai-Tashi ya yi dariya har da hawaye. Rediyo ta dawo tasha. Shekarun da suka biyo baya, ta koma karɓar ɗinki, ta koma faɗa da jikoki a waya, ta koma yi masa gyara a labaransa a gaban baƙi.

Sai caji ya fara guduwa. Abin da ke kai ta tun safe har kwanciya ya koma mutuwa da la'asar, daga baya da azahar. Na hagu ya fi saurin sarewa, har wata safiya ya ƙi kamawa sam. Zai-Tashi ya ɗauke shi ya fita haske, ya sa tabarau, ya juya gaba da baya. Ya san ciwon, batir ne ya tsufa, abin da ya canza wa mutane sau ba adadi. Amma babu noti, babu murfi, babu ko tsagar da farce zai shiga.

Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin wakilan kamfanin da ya yi na'urar. Wuri mai sanyi, kujeru masu laushi, da wata matashiya a bayan kanta wadda ta gaishe shi da ladabi. Ta karɓi na'urar, ta duba lambar jikinta a kwamfuta, sai fuskarta ta ɗan sauya.

"Baba, wannan samfurin an daina yin sa."

"To ba komai, 'yata. Batir ɗin kawai za ki sayar mini, ni zan sa."

"Ba a cire shi, Baba. A haɗe aka yi su."

"Wanda ya sa shi ai ta wani wuri ya sa."

"Gaskiya ne. Amma mu ma ba sa aiko mana da shi. Abin da za mu iya, ku bar mana tsohon a mayar a sake sarrafawa, sai a ɗan rage muku a kan sabo."

Ta faɗi kuɗin sabon a hankali, kamar mai ta'aziyya. Ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta ta nuna masa. Cike yake da irinsu, wasu har da ɗan zaren da masu su suka ɗaura don kada su ɓata.

"Duk lafiyarsu lau, batir ne kawai," ta ce. "Tun bara suke nan, ba a zo an ɗauka ba. Wallahi Baba da akwai yadda zan yi, da na yi. Kakata ma irinsa take sawa."

Ya yi mata godiya, ya mayar da abinsa aljihu.

Mai aski maƙwabcinsa ya ce ya ji ana maganar wata doka da za ta tilasta wa kamfanoni su riƙa sayar da kayan gyara. Zai-Tashi ya tambaye shi yaushe za ta fara aiki. Mai aski ya ce ai har yanzu magana ce ake yi, shi ma a bakin wani kwastoma ya ji.

Don haka ya yanke shawarar buɗe na hagun da kansa, tunda ya riga ya mutu. Ya ja ƙofar shago rabi, ya ce wa masu zuwa su dawo gobe. Ya ɗumama gefen na'urar har gam ɗin ya saki, ya bi da reza a hankali, numfashi ma da dabara yake yi. Ta buɗe. Ga batir ɗin nan, bai kai ƙwayar wake ba. Ya yi kwanaki yana yawo a layin masu gyaran waya har ya samu mai girmansa a cikin wani mataccen abin sauraron kiɗa. Ya jingina gwiwar hannu da tebur, ya riƙe wayar da hantsaki, ya ɗiga dalma. Ya sa a akwatin caji.

Koren haske ya kama. Zai-Tashi ya miƙe tsaye bai sani ba. Hasken ya ɗan jima, sannan ya juye ja, ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya ɗauke. Ya cire ya mayar, haka dai. Ya auna batir ɗin, lafiya. Ya auna dalmar, lafiya.

Ya kai wa wani mai gyaran waya da ake yabo, mai aiki da kwamfuta. Mutumin ya jona, ya daɗe yana kallon allo, ya girgiza kai.

"Baba, aikinka ya yi kyau, ni ma ba zan fi haka ba. Na'urar ce ta gane ba batir ɗinsu ba ne, ta kulle kanta. Sai da lambar kamfani take buɗewa."

"Ta gane?"

"Haka suke yin su yanzu."

Da ya dawo gida, Inna ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa. Ta kunna na daman ta ce, "Zai tashi?" Ya zauna bakin gado yana cire takalmi, ya daɗe a kan igiyar. Ba ta sake tambaya ba. Ta kashe na'urar don kada caji ya tafi a banza.

Daga nan ta koma tattalin na daman kamar mai tattalin ruwa. Ba ta kunna shi sai mai ɗinki ya zo, ko jikoki sun kira. Idan Zai-Tashi yana da magana, sai ya taɓa kafaɗarta ya nuna kunne, ta kunna, ya faɗa a taƙaice, ta kashe. Hirar banza da suka saba, wadda ba ta da kai ba ta da gindi, ita ta fara tafiya. Wata rana ƙaramar jikarsu tana karanta mata abin da ta koya a makaranta a waya, na'urar ta ɗauke a tsakiya. Inna ta ci gaba da gyaɗa kai tana cewa, "Madalla, madalla," yarinyar kuwa tambaya take yi mata, tana ta maimaitawa. Shi ya karɓi wayar ya ce kakarta ta shiga kicin. Tun ranar na daman bai sake kamawa ba.

Babbar 'yarsu ta ce su yi haƙuri, za su sake tari, amma yaranta biyu sun shiga babbar makaranta, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi. Asibiti suka ce akwai tallafi da ake sa rai, a jira. Suna jira.

Inna ta daina karɓar ɗinkin waje, sai na jikoki. Maganarta ta ragu, don an gaya mata tana ɗaga murya ba ta sani ba. Wani lokaci takan manta ta fara ba shi labari da ƙarfi, ya saki jiki yana saurare, sai ta ga maƙwabciya ta leƙo, ta yi shiru.

Har yanzu yana buɗe shago kowace safiya. Da yamma idan ya dawo, ba ya shiga ɗaki kai tsaye, don sau biyu ta firgita da ganinsa kwatsam a kanta har allura ta soke ta. Yakan zagaya ta wajen taga, ya tsaya inda inuwarsa za ta faɗa kan keken, ya jira har ta ɗago kai.