Fuskar Kaka a Cikin Farin Mayafi

Kakata ta wajen uwa ba ta yarda da hoto ba, kuma ba wani malami ne ya ce mata haramun ne ba. Ita dai a ganinta mai aikin yi ba ya tsayawa ƙiƙam a gaban wani yana washe haƙora. Hoton fasfo da aka yi mata lokacin tafiya Makka ma, in ta tuna sai ta ja tsaki, ta ce an mai da ita kamar wadda aka kama da akuyar sata. A gidanmu na Salaga, in ana suna ko biki aka fito da wayoyi, sai ta ja mayafi ta juya wa mutane baya. Muna da hotunan ƙeyarta da yawa.

Ƙanwa ɗaya ta rage mata a duniya, wadda aure ya kai Bawku tun uwata ba ta yi wayo ba. Mu Kakar Bawku muke ce mata. Da suna da ƙarfi sukan ziyarci juna, amma ƙafafu suka ƙi, hanya kuma ba ta ragu ba, shekaru suka taru ba su ga juna ba. Waya kuwa kakata ba ta magana a cikinta. In an miƙa mata sai ta ce a gai da mai magana, ta ture hannun. Wata damina saƙo ya zo cewa jikin Kakar Bawku ya yi nauyi, yanar ido kuma tana cin ganinta, in an nuna mata abu a waya ba ta ganin komai sai ƙyalli. Abu ɗaya ta roƙa: a kawo mata fuskar yayarta a takarda, babba, wadda za ta riƙe da hannu biyu, tun idon bai ƙarasa tafiya ba.

Kaka ta ji saƙon. Sai bayan la'asar ta ce ta yarda, amma latsawa ɗaya za a yi, in ta ji ƙas za ta tashi. Ba kuma da waya ba, don ba za ta zauna wa abin da samari ke turawa a aljihun bayan wando ba. Za ta yafa farin mayafinta na Makka. Mai ɗauka kuwa, ta nuna ni da haɓa ta ce wannan mijin nata marar amfani, kamar yadda take kirana. Laifina shi ne na taɓa aron kyamarar wani lokacin da nake makaranta a Tamale, tun daga nan dangi suka naɗa ni mai hoto.

Kyamara ce ba mu da ita. Kawuna, ƙanin uwata, dillalin doya ne a Yendi, shi ya aiko cewa in taho, ya san wani mai shago da ke sai da tsofaffin kaya, rediyo da dutsen guga da kyamarori. Na tafi da abin da nake so a raina. Ni dai na san cewa a zaɓen kyamara ba girma ake dubawa ba: a duba ko za ta bar ka ka ƙara haske ko ka rage da hannunka, ko idonta na buɗewa sosai a wuri mai duhu, ko ana samun batirinta, ko ta zauna a tafinka. Na kuwa ga irinta, 'yar baƙa mai gajeren gilashi, na ɗaga ta na ji kamar don ni aka ƙera ta.

Kawu bai ko dube ta ba. Yana can yana ɗaga kyamarori ɗaya bayan ɗaya, ya auna a tafi, ya kai kunne ya ƙwanƙwasa da yatsa, yadda yake yi wa doya in yana zargin ruɓa a ciki. Da na nuna masa tawa sai ya tambaye ni ko da wannan gidan ashanar zan nuna uwarsa, Hajiya guda, jikar fataken goro. Na yi bayanin haske, ya ce haske na Allah ne. Ya tsaya a kan wata mai gilashi kamar damtsen ƙato, wadda in ka rataya ta a wuya sai ka rusuna ko ba ka yi niyyar gaisuwa ba. Mai shago ya ce ta wani Bature ce da ke ɗaukar giwaye a daji. Shi ke nan magana ta ƙare. Kawu ya ce abin da ya ɗauki giwa ba zai gaza da Mma ba, wato Kaka. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma hannunsa ne ya shiga aljihu, ba nawa ba. Abin da kawai ya sanyaya mini rai, tana da 'yar tayar da ake murzawa a ƙara haske.

Muka dawo Salaga tare. Tunda latsawa ɗaya aka ba ni, dole in yi gwaji a kan wani, kuma dole ya zama mai irin fatar Kaka, wadda take baƙa wuluk mai sheƙi. Duk gidan, Kawu kaɗai ya gado ta. Ya yi gardama, ya kawo maganar gemunsa da matsayinsa a kasuwar doya, uwata ta ce masa shi ya zaɓi kyamarar giwa, sai ya zama giwar. Ranar Alhamis da tsakar rana, Kaka na barci, muka rufe ƙofar gida, muka yafa masa farin zanen gado, ya zauna a kujera 'yar tsugunno.

Na leƙa, ban ga komai ba sai hancinsa. Na ja baya, hanci da rabin gemu. Na ja baya har bayana ya daki ƙofa. Gilashin nan an yi shi ne don abin da ke nesa, gidanmu kuwa ba daji ba ne. Dole aka buɗe ƙofar na fita titi, na tsaya bakin kwatar maƙwabta. Matan da ke dawowa daga rijiya suka leƙo, ɗaya ta rusuna ta ce sannu da hutawa Hajiya, Kawu ya amsa da muryarsa ta kasuwa, ta kusa yar da bokiti.

Hoton farko zanen gado ya fito tsaf, har zarensa ana gani, amma inda fuska take wani baƙin rami ne da fararen idanu biyu. Kyamara matsoraciya ce. In ta ga fari ya yi yawa sai ta firgita ta tsuke ido, don ita burinta komai ya zama launin toka, ba ruwanta da cewa mutum ne a cikin zanen. Sai ka tilasta mata, ka murza tayar wajen ƙari. Na murza, fuskar Kawu ta fito da gumi da fushinta, zanen kuma ya ƙone fat, ya zama fari ba fasali. A ranar tsaka ba a samun duka biyun. Muka koma ƙarƙashin mangwaro inda inuwa take lumui, uwata ta riƙe babban tiren biki tana mai da haske ƙarƙashin haɓarsa. Nan abin ya zauna, fuska ta fito, zane ya fito. Kawu ya duba ya ce ashe shi kyakkyawa ne, a wanke masa wannan in an cire zanen.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kaka ta shirya. Ta sa kwalli, ta yafa mayafin Makka mai zubin zare a baki, ta fesa turare har muna tari. Na ce mata turare ba ya fita a hoto, ta ce hancina ne ba ya aiki. Na nuna mata kujerar da muka ajiye a gindin mangwaro, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce nan wurin awaki ne. A ɗakinta za ta zauna, a bakin gado, don daga ɗakin nan aka fitar da ƙanwarta ranar aure, shi za ta gane.

Duk wahalar jiya ta tashi a banza ke nan. Ɗakin Kaka duhu ne ko da rana, taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama, kuma daidai bayan kanta take in ta zauna. Wuta an ɗauke tun safe. Na ce a saki labulen tagar, ta ce ba za a dafa ta da ranta ba. Na ce to zan kunna filasha, ta ce in abin nan ya yi mata walƙiya a ido, da ni da shi za mu kwana a waje. Gaskiya ko ta yarda ma filashar mayafin za ta haska ta bar fuskar. Na san tsohuwar can tana kwance tana jira, kuma ba ni da latsawa ta biyu.

Na fita tsakar gida, tunda gilashin giwa ba ya aiki a ɗaki, na saita kyamarar ta cikin ƙofa. Taga a bayan mutum ta fi farin mayafi sharri, kyamara na ganinta ta tsuke ido gaba ɗaya. Na sa ta auna hasken daga kuncin Kaka kaɗai, ta manta da taga da mayafi, su ƙone in sun ga dama. Da na yi haka sai ta nuna tana bukatar ta bar idonta a buɗe ɗan lokaci, wanda hannun mutum ba ya iya riƙewa ba rawa. Muka kifa turmi, na ɗora tsumma, na kwantar da ita a kai, ni kuma na durƙusa a ƙasa da kayan Juma'ata. Uwata ta tsaya a rana da tire. Karon farko ta jefa hasken cikin idon Kaka, ta sha zagin da rabonta da shi tun tana budurwa. Daga nan ta karkata shi ya bugi bangon gefe, ya dawo a hankali ya kwanta a fuskar. Na leƙa, wallahi ban taɓa ganin kakata da kyau haka ba.

Saura abu ɗaya. Goro take ci, muƙamuƙinta na ta aiki, ni kuwa ina bukatar ta tsaya cak na numfashi guda. Na dubi Kawu, ya dubi sama. Na dubi uwata, ta ɓuya a bayan tire. Sai na yi ta maza, tunda ni ne mijin, na ce, "Uwargida, a ɗan tsai da bakin nan."

Ta tsayar. Ta zuba mini ido ta cikin gilashin kamar za ta huda shi. Na latsa, kuma a daidai wannan lokacin ta buɗe baki don ta sanar da ni cewa kakana ma, da rawaninsa, bai taɓa ce mata ta rufe baki ba. Ƙas. Ta ji ƙarar, ta miƙe, ta cire mayafi ta ninke.

Muka taru a kan ɗan allon kyamarar. Taga da mayafi sun haɗe sun zama fari ɗaya, zubin zaren ya ɓace. Idanu kuwa, da goshi, da tsagar kuncinta, sun fito tar, har kwallin ana gani. Amma bakin ya zama hazo, leɓe a sama leɓe a ƙasa, da jan goro a tsakiya. Na bi ta ɗaki ina roƙo, na durƙusa, na ce don ƙanwarta. Ta ce ta ce ɗaya, kuma an yi ɗaya. Matan gida suka yanke hukunci cewa na ɓata mayafin Makka. Kawu ya ce kyamara ba ta da laifi, giwa ba ta surutu. Na zauna a kan turmin nan kamar in yi kuka, don haushi da kunya.

A Tamale na kai a wanke. Mai shagon ya ce kada in damu, zai gyara bakin a kwamfuta, har ya ɗan haska mata fata kyauta. Na bar shi ya gwada, ya manna mata wani lafiyayyen murmushi mai jan-baki da na tabbata na wata amarya ne. Na ce ya mayar mini da kakata yadda ya same ta. Aka wanke shi babba, aka sa a firam, na rungume shi a mota tun daga Tamale har Bawku, wani mai zabi a kwando yana ta tambayata ko gilashin taga ne. Duk hanya ina shirya yadda zan ba da haƙuri.

Na iske Kakar Bawku ta rame ƙwarai, muryarta kamar daga cikin rijiya. Jikokinta suka tashe ta zaune, suka jingina ta kusa da ƙofa inda haske yake. Na fara bayanin taga da turmi, ba ta saurare ni ba. Ta karɓi firam ɗin da hannu biyu, ta kai shi har kusa da hancinta, ta bi shi a hankali daga goshi zuwa ƙasa. Ta ce Yaya ta tsufa, ta fi ta tsufa ma, ta faɗi haka da jin daɗi. Sai yatsanta ya tsaya a kan bakin.

"Faɗa take yi," in ji ta.

Na ce e.

"Da wa?"

Na ce da ni. Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari, aka ba ta ruwa. Sannan ta ce mu fita duka, a saki labule.

Muka zauna a tsakar gida. Can sai muka ji muryarta daga ciki, ƙasa-ƙasa, tana yi tana tsayawa kamar mai jiran a gama. Ta ce ai ba ita ta ƙi zuwa ba, ƙafa ce. Ta yi shiru. Ta ce maganin ma tana sha, ƙarya ake yi mata. Ta sake yin shiru, mai tsawo wannan karon, sannan ta ce, "To, Yaya. Na ji."