Takardun Bankin Jidda a Zaman Makoki

Da ana mayar da rana baya, da na mayar da ranar sadakar ukun ƙanena, na bar takardun nan a akwatin keken ɗinkina inda suke.

Mu uku ne maza a gidanmu a Gadarif. Ni ne babba, tela a kasuwa. Mai bi mini ya tafi Jidda tuƙin mota. Autanmu kuwa, wanda ni na koya wa ɗaura mazagin wando, Allah ya buɗa masa. Da awon riɗi ya fara, har ya sayi tarakta, ya kama gona a hanyar Ƙala'at an-Nahal. Baƙo in ya shigo unguwa neman gidanmu, da sunansa yake tambaya. Ina nuna hanya ina murmushi, hassada tana cina.

Na Jidda ya dawo da ciwon hanta da akwati ɗaya. Wata rana ya zo shagona ya nuna mini wani ɗan kati na roba. Ya ce a can da shi ake sayayya, banki ya biya, kai ka biya daga baya. Da shi ya yi magani, da shi ya sayi tsarabar da muka yi ta sa masa albarka a kai. Bai gama biya ba ya taho, kuma adireshin shagona ya ba su.

"Yaya, kada auta ya ji," in ji shi. "Ya yi mini da yawa."

Takardu suka fara zuwa. Shekarun nan ne da ake tsare mutum kan cekin da ba kuɗi a bayansa, ya zauna har sai ya biya. Manoma da yawa da muka sani sun shiga kurkuku. Tsoro ya kai ni wurin wani lauya da nake ɗinka wa jallabiya. Ya karanta, ya yi dariya.

"Ya zol, bawan Allah, ka sa hannu?"

Na ce a'a.

"To koma kan kekenka. Wanda ya sa hannu ake bi. In ya mutu, a cire daga abin da ya bari. In bai bar komai ba, doka ba ta kama wa, ba ta kama ƙane."

Na Jidda bai kai damina ba ya rasu. Da aka jera sahun jana'iza, liman ya tambaya kamar yadda aka saba: wa ya ɗauki bashin mamaci? Ni babba ya kamata in amsa. Ina tunanin takardun, sai na ji muryar auta a bayana: "Duk mai bin sa ya zo wurina."

Sahu ya ɗauki kabbara da sa albarka. Kwana uku a rumfar makoki ba a yi wata hira ba. Mai gaisuwa zai ɗaga hannu ya yi fatiha da ni a gurguje, ya wuce ya rungume auta. Wani tsoho abokin mahaifinmu ya ce, ina ji, marigayi mahaifinmu ya bar namiji a gida. Namiji ɗaya ya ƙirga.

Ranar uku, bayan la'asar, ana zagayawa da gahawa, na fito da takardun na ajiye a tabarma.

"Ga mai bi na farko ya zo, auta. Da riyal yake bi, ba da fam ba."

Ya karanta. Ya matso ya tambaye ni a hankali, "Yaya, za su iya kama mutum a kan wannan?"

Amsar tana bakina. Na ce, "Kai dai ka ga zamanin da muke ciki."

Cikin mako biyu ya sayar da taraktar, ana dab da shuka, lokacin da dillalai suka san mai sayarwa a matse yake. Ya aika kuɗin ta hannun wani ɗan kasuwa. Gonar ta kwana shekarar nan ba iri, masu bin sa kuɗin mai suka taso, ita ma ta tafi. Ya koma wakilin gonar wani, yana ɗaukar leburori a kasuwa da mota ba tasa ba. Ba zan ɓoye ba, watannin farko abinci ya yi mini daɗi.

Sai da furfura ta cika mana kai na faɗa masa abin da lauya ya ce. Muna zaune a shago, ina rage masa wuyan riga. Da na gama, ya ce:

"Ko ka faɗa mini da sai na biya, Yaya. Na yi magana a gaban gawa. Amma da na bari sai an yanke riɗi, in biya daga gona, in riƙe taraktata."

Ya ce ya yafe. Har yau in jikokinsa sun shigo gaishe ni, ba na iya kallon idonsu, sai dai in dubi takalman ƙafarsu.

Kai da ka karanta, in ka san abin da zai sauƙaƙa wa ɗan'uwanka ya tambaye ka, don Allah ka faɗa masa a lokacin. Kada ka yi abin da na yi.