Fentin da na shafa wa motar ƙanena

Ni mai fenti ne, ba makanike ba, kuma da hannuna na kori ƙanena daga Madarumfa.

Tsohuwar bashe gare shi, wato a-kori-kura, yana ɗaukar kifi da fasinja zuwa Maraɗi. Shekarar da aka karya darajar sefa, ruwan kifi ya fara cin ƙarfenta, na ce ya bar mini ita kwana biyu, kyauta. Ni da son a yaba, har wajen inji na kutsa. Akwai wata waya mai kauri, saƙaƙƙiya kamar kitso, da ta haɗa inji da jikin mota, mas suke ce mata. Na kwance ta, na dalla wa wurin jan fenti har shafi biyu, na mayar na ɗaure tam. Ashe tsurar ƙarfe take so ta taɓa, in ba haka ba wuta ba ta da hanyar komawa batir.

Ranar da ya karɓe ta aka roƙe shi ya kai gawar wani masunci da ya nutse a tabki zuwa ƙauyensu. Daga nan mota ta rikice. In ya taka burki fitila ta kama, in ya murza makulli sai ƙas-ƙas, wayar totur ta yi zafi har da hayaƙi. Aka sake batir, aka yayyafa mata rubutu, duk a banza. Gari ya ɗauka wai mamacin bai sauka daga motar ba. Mata masu kifi suka gwammace su gasu a rana su jira wata motar. Ni ma, Allah ya yafe mini, na daina shigarta.

Ya sayar da ita a wulaƙance ga wani mutumin Ɗan Issa, ya tafi Legas neman tuƙi. Wasiƙa biyu muka samu, babu adireshi, sai shiru.

Wanda ya saya ne ya tare ni a kasuwa yana ƙyaƙyata dariya, wai wani sakarai ne ya yi wa mazaunin mas fenti, da wuƙa ya kankare, mota ta tashi garau. Na taya shi dariya. Tsoro da kunya suka rufe mini baki, ko matata ban gaya wa ba.

Inna ta shekara biyar tana sauraron ƙofa. A ciwonta na ƙarshe ta riƙe hannuna.

"Kai ne babba. Wa ya yi wa ɗana wannan aiki?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."