Gidan Zanzaro a Tiyon Birki

A ƙarshen zamanin Turawa ina amarya a Birnin Gwari, ban daɗe da barin makarantar 'yan mata ba, ga cikin fari. Ko kiyashi ba na iya takawa. Maigidana direba ne, yana jan tirelar gungume daga daji zuwa Kaduna.

Da damina ta yi ƙarfi aka rufe hanya. Ya kwance tirelar a bayan gidanmu, ya tafi da kan motar wani aiki. Yana fita ya ce in ɗaure bakin tiyon iskar birkin tirelar da tsumma kada wani abu ya shiga, har da tsokanata wai boko bai koya mini ƙulli ba. Da na je sai na tarar zanzaro na shiga da laka a baki. Surukata ta ce kul in taɓa, mai ciki ba ta rushe gidan zanzaro. Ni kuma tausayi ya kama ni, na mayar da tsummana. Da ya dawo ya tambaya, na ce na ɗaure, iska ce ta kwance. Allah Ya yafe mini.

Ya haɗa tiyo, agogon iska ya cika, ya yi lodi ya kama hanya. A wata gangara bayan Tsohon Birnin Gwari ya taka birki, na kan motar ya kama, na tirela ya ƙi. Ta turo shi har cikin rafi. Makiyaya suka zaro shi, ƙafarsa ta dama ta niƙe.

Kwana uku makanike yana neman dalili, don tankin iska lafiya, ba inda iska ke zuba. A gabana ya buɗe bawul ɗin tirelar, mashigar iskar birki, ya zazzage a tafin hannunsa: busasshiyar laka da tsutsa. Ya ce wannan 'yar ƙasar ce ta tare iska. Innalillahi! A asibiti na faɗa wa maigida gaskiya. Ya ce shi ma ya kamata a ce ya hura tiyon, ya gwada birkin kafin lodi. Bai sake tuƙi ba.

Tausayin bai dame ni kamar ƙaryar ba, don da na faɗa, da tsinke zai sa ya share. 'Yan'uwana mata, in an ba ku amanar abin da ba ku san aikinsa ba, ku yi yadda aka ce, in ba ku yi ba ku faɗa tun mota ba ta tashi ba.