Ranar da Sulle Ya Sa Aka Zura Kyamara a Rijiya

Gyara zama, Safara'u, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini magana. Labarin Sulle mai haƙar rijiya zan ba ki, Allah ya jiƙansa. Mutumin Fulatan ne, amma daga Rogo har Ƙaraye da wuya ki sami ƙauyen da ba a shan ruwan hannunsa. Ni ne mai riƙe masa igiya. Yana ƙasa yana sara, ina sama ina janye ƙasa a bokiti.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, bai san tsoron rami ba. Abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali a duniya, kallo. Da Ilu mai shayi ya kafa bidiyo da janareto a bayan tasha a Rogo, to ranar kasuwa kar ki nemi Sulle a ko'ina. Ba ya jin yaren Indiya, ba ya jin na 'yan Cana. Shi ba ma labarin yake bi ba. Sai ya riƙa zungurinmu yana cewa, "Ku daina kallon mutumin, ku kalli inda aka tsaya aka kalle shi."

Shi ya koya mana. In an ɗauko mutum daga ƙasa ya cika allo kamar bishiyar kuka, to shi zai yi nasara. In daga sama aka leƙo shi ya koma kamar kiyashi, an gama da shi. In aka matso da fuskarsa har kana ganin zufa, ƙarya zai yi. Amma wanda ya fi tayar mana da tsigar jiki shi ne in hoton ya fara tafiya a hankali a bayan mutum, yana ɗan rawa kamar mai sanɗa, ƙeyarsa kawai ake gani, shi kuma bai waiga ba. Nan sai Sulle ya ce, "Wannan ya ci tuwonsa na ƙarshe." Kuma wallahi bai taɓa kuskure ba.

To bayan ƙidayar jama'a da 'yan shekaru, Alhaji Maiturare na Yammedi ya ba mu haƙar rijiya a ƙofar gidansa. Muna cikin aikin ɗansa ya sauke Alƙur'ani, aka yi walima, aka ɗauko wani Ɗantala mai kyamara daga Ƙaraye. Mu ma muka wanke ƙafa muka je cin shinkafa.

Da kaset ya dawo aka sa shi a zauren Alhaji bayan azahar. Sulle ya zauna gaba yana ta tsokanar waɗanda suka fito a hoton. "Kai, ku dubi lomar Audu! Ɗantala, da ka ja baya, ai bakin bai shiga allon ba." Ana ta dariya.

Sai hoton ya bar rumfa ya fara tafiya. A hankali, yana ɗan rawa. Ga wani gajeren mutum a gaba, ƙeyarsa da jar ƙasa a bayan kunne. Hoton na binsa, yana matsowa, yana matsowa. Bai waiga ba.

Babu wanda ya kalli Sulle, kuma kowa shi yake kallo.

Ɗantala ya ce, "Haba Baba Sulle, mai tiren shinkafa nake bi, kai ne ka shigo gabana."

Sulle ya ce, "Su ma waɗancan na fim ba su san ana bin su ba."

Ki gane, rijiyar ta riga ta yi zurfi, in kin leƙa mutum kamar kaza yake. Kuma mun wuce marmara mun shiga yashi mai danshi, inda rami ke cin mutane. In aka bar ta haka za ta zabtare, kuma babu mahaƙin da zai shiga ramin da Sulle ya gudu ya bari. Washegari ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zauna bakin ramin. Ya kasa zura ƙafarsa.

Malam Nasidi liman ya zo ya yi masa faɗa, ya ce ajali ba a cikin kaset yake ba, ya ba shi rubutu. Ya sha, ya ce, "Na yarda, Allah gafarta Malam. Ƙafar ce ba ta yarda ba."

Daga baya shi ya nemo wa kansa magani. Ya ce a sake ɗaukarsa, amma daga ƙasa, yadda ake ɗaukar wanda zai tsira.

Ɗantala ya ce, "Mai sauƙi. Hau katanga."

"Katanga nake tsoro? A rami za ka ɗauke ni. Kana ƙasa, ina saukowa."

Da Ɗantala bai yarda ba, sai dai mutane sun fara kare fuska da hannun riga in sun hango shi da jakarsa, don tsoron kyamarar. Ya ga sana'arsa za ta mutu. Da hantsi muka ɗaure shi, kyamara a ƙirji, muka zura shi yana ta salati. Muryarsa na ƙanƙancewa har ta zama kamar daga cikin tulu.

Sulle ya yi bismillah ya fara sauka, yana taka ƙananan ramukan da ya sassara a bango. Igiyarsa na hannuna, ina sake ta a hankali. Ya kai rabi, sai na ji shuuu. Yashi ya saki a gefe ɗaya. Ƙura ta taso ta rufe komai.

Na ce, "Ɗantala!" Shiru. Salatin ya tsaya.

Jikata, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Matan da ke leƙe ta katanga suka fara kuka. Sai muryar Sulle: "Sake igiya! Sake mana!" Na sake, tana ƙona mini hannu. Can kuma, "Ku ja ta Ɗantala!"

Muka ja mu huɗu. Ɗantala ya fito sharaf, yashi har cikin hanci. Aka zuba masa ruwa ya yi tari ya farfaɗo. Kyamarar ta cika da ƙasa, zaren kaset ya zazzago ya cukurkuɗe.

Na leƙa na ce, "Sulle, fito haka nan!"

Ya ce, "In na fito yanzu ba zan ƙara shigowa ba. Turo bokiti."

Haka muka wuni. Duk bokitin da na jawo, sai na kasa kunne in ji ko diga na motsi kafin in numfasa. Wajen la'asar bokiti ya fito da taɓo, na gaba da ruwa. Sannan ya yarda muka jawo shi.

Bai kalli ruwan ba. Ya wuce wurin Ɗantala da ke kwance a inuwa ya tsuguna. "Ka ɗauka?"

"Baba, wallahi ban sani ba ko na danna."

Wannan ce rijiyarsa ta ƙarshe. Wasu ne suka zo suka ɗaure ta da siminti. Sulle ya miƙa mini diga, ya koma Fulatan yana noman gyaɗa, ya tsufa tukuf, a kan tabarmarsa ya cika. Amma duk sanda ya haɗu da Ɗantala a kasuwar Rogo, kafin ya gama gaisuwa sai ya rage murya ya ce, "Ka tuna dai? Ka danna ko ba ka danna ba?"